Faransancin Kasuwa da Bakin Titi: Jagora ga Mai Jin Ingilishi

 A shirinmu na yau Faransanci za mu shiga, irin na kasuwa da tasha da bakin titi. Shirin na wanda ya yi karatunsa da Ingilishi ne, yake kuma ganin in ya ƙetara iyaka zai lallaɓa da abin da ya sani. A gyara zama.

(Kiɗa)

Mu ɗauka ka taso daga Katsina, ka wuce Jibiya, ka shiga Ɗan Isa, ga ka a Maraɗi. A baki dai Hausa za ta fisshe ka, amma ɗaga kai ka dubi allunan shaguna. Ga wani an rubuta masa "pain". Mai Ingilishi zai ce ciwo ake nufi, ya zaci kantin magani ne, alhali burodi ake sayarwa. Gaba kaɗan ga "location". Wannan wurin haya ne, na mota ko kujerun biki ko rumfa. Ga "librairie", ka shiga da niyyar aron littafi, sai mai kanti ya faɗa maka farashi, domin kantin sayar da littattafai ne. Ɗakin karatu sunansa "bibliothèque". A gidan mai kuwa fetur shi ne "essence". In ka nace sai "pétrole", to kananzir za a auna maka.

Malaman harshe suna kiran irin waɗannan kalmomi "faux amis", wato abokan ƙarya. Bahaushe ya riga ya yanke hukunci: kama da wane ba ta wane. "Monnaie" canji ne, kuɗi kuwa "argent". "Attendre" jira ne, halartar taro kuma "assister". "Actuellement" na nufin a halin yanzu. "Demander" tambaya ce ko roƙo cikin ladabi, ba ta da zafin 'yar'uwarta ta Ingilishi. In kuwa aka ce maka wane "blessé" ne, kada ka ce barka, rauni ya ji.

Daga ina wannan kama ta samo asali? A shekarar 1066 Wiliyam mai mulkin Normandi, a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi a fagen Hastings. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da kotu a can, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. Kafin nan dubban kalmomi sun riga sun zauna. Shi ya sa Bature ke kiran saniya "cow" tana kiwo, in an yanka ta zama "beef", daga "bœuf" na Faransanci. Tunkiya "sheep" ce a garke, namanta "mutton", daga "mouton". Yadda aka saba bayyana abin shi ne, talaka mai kiwo da harshensa, bafade mai ci da nasa. Bayan ƙarnoni kowace kalma ta kama gabanta, siffa ta zauna, ma'ana ta goce.

(Kiɗa)

Mu zo kan gaisuwa, inda Bahaushe ya fi Bature sa'a. Ingilishi na yau "you" kaɗai gare shi, ko da sarki ake magana ko da yaro. Faransanci yana da "tu" da "vous". "Tu" kamar kai ko ke ne, na aboki da ƙane da ɗa. "Vous" kamar ku ne, wanda muke ce wa uba da malami da suruki. Ka ce wa jandarma ko dattijo "tu" daga haɗuwa, ka jawo wa kanka kallon marar tarbiyya. Riƙe "vous" har sai an ce maka ka sauke.

Haka kalmar "bonjour". A birnin Paris, wanda ya shiga kanti ya fara tambayar farashi bai ce "bonjour" ba, daidai yake da wanda ya faɗa gidan mutane babu sallama. Daga nan sai "ça va", ana furta ta "sa ba" a bakin mutanenmu. Tambaya ce, kuma ita ce amsa: lafiya? Lafiya. "D'accord" da "ça marche" duk "to, na yarda" ne. "Voilà" ita ce "yauwa" ko "ga shi nan". In Bafaranshe ya ɗaga kafaɗa ya ce "bof", abin bai burge shi ba. In ya ce "pas mal", wato ba laifi, sau da yawa yabo ne babba. In ya ce "j'en ai marre", ya ƙoshi, ya kai masa iya wuya.

Lissafi ma da nasa tarkon. Saba'in a Faransa "soixante-dix" ne, sittin da goma. Tamanin "quatre-vingts", ashirin huɗu. Casa'in da tara kuwa sai ka ce ashirin huɗu da goma sha tara. Mutanen Beljiyam da Suwizalan sun huta, suna da "septante" ta saba'in da "nonante" ta casa'in. A kasuwannin Nijar kuma, in aka koma Hausa, da dala ake ƙirga, kowace dala sefa 5. Mai tumatir ta ce maka ɗari, sefa 500 take nufi. Jika ɗaya kuwa sefa 1,000.

(Kiɗa)

Sai zaurancen matasa. A unguwannin gefen Paris akwai salon da ake kira "verlan", inda ake juya gaɓoɓin kalma, na baya ya dawo gaba. Sunan kansa juyi ne na "l'envers", wato bai-bai. "Femme", mace, ta zama "meuf". "Fou", mahaukaci, ya zama "ouf". "Louche", abin da ba a yarda da shi ba, ya zama "chelou". "Merci" ta zama "cimer". Mawaƙin nan ɗan Beljiyam, Stromae, sunansa juyin "maestro" ne. Duk wanda ya yi zaurance yana yaro zai gane dabarar nan take.

Wasu kalmomin kuma daga Larabcin Aljeriya da Maroko da Tunisiya suka shiga, ta bakin sojojin mulkin mallaka da kuma baƙin da suka zauna a Faransa. "Toubib" likita ne, tushensa ɗaya da ɗibbu. "Avoir la baraka" shi ne mutum ya taki sa'a, ga albarka nan a fili. "Bled" ƙauye ne ko garin asali. "Kiffer" son abu ne da jin daɗinsa.

Hukumar Académie française, wadda Kadinal Richelieu ya kafa a 1635 don tsare harshen, tana ta fama da kutsen Ingilishi, har aka yi dokar Toubon a 1994 mai tilasta Faransanci a talla da takardun aiki. Duk da haka Bafaranshe na cewa "le week-end" da "le parking". Wasu ma ya ara ya sauya musu aiki: "footing" sassarfa ce ta motsa jiki, "pressing" shagon wanki da guga.

Mu ma a nan Afirka mun sa wa Faransanci tamu rigar. A Yamai ko Wagadugu za ka ji an ce "ça fait deux jours", kwana biyu ke nan tamu ta gaisuwa. Za ka ji "et la fatigue?", wato ina gajiya. Hausar Nijar kuma ta karɓi nata: lakwal daga "l'école", kamyo daga "camion", duwan daga "douane". Malamin makaranta mushe ne, daga "monsieur", don haka Bakano ya riƙe dariyarsa in ya ji ɗalibi na cewa mushensa ya iso. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, amma alluna da takardu da yawa har yanzu da Faransanci za ka tarar da su.

Saboda haka mai sauraro, in tafiya ta kama ka zuwa Yamai ko Kwatano ko Duwala ko Paris, fara da "bonjour", riƙe "vous", kuma duk kalmar da ta yi maka kama da ta Ingilishi, tambaya kafin ka yi aiki da ita. Matambayi ba ya ɓata.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai wani makon in Allah ya kai mu. A huta lafiya.