Agogon Jiki da Rabuwar Ƙwayoyin Jiki



Duk wanda ya taɓa lura da tsamiya ko gyaɗa da almuru ya san ganyensu kan naɗe idan rana ta faɗi, ya buɗe idan gari ya waye. Mutum zai zaci haske ke buɗe shi, duhu ke rufe shi. To, a cikin 1729 wani masanin taurari na ƙasar Faransa, de Mairan, ya ajiye wani tsiro mai irin wannan hali a wuri mai duhu inda ba ya ganin rana ko kaɗan, amma ganyen bai fasa buɗewa da naɗewa a kan lokacinsa ba. Ashe lissafin lokacin a cikin tsiron yake. Wannan lissafi shi za mu kira agogon jiki, kuma mutum ma yana da shi.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita kalmomi biyu, domin a rediyo da jaridu akan ce "ƙwayar halitta" ana nufin abubuwa biyu dabam. A nan, ƙwayar jiki ita ce ɗan mitsitsin ɗakin nan da aka gina jiki da shi, wanda babban mutum ke da kimanin tiriliyan 30. Ƙwayar gado kuwa umurni ne da ke rubuce a kan zaren gado, watau DNA, a cikin kowane ɗaki.

Uban agogon yana ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai bisa inda jijiyoyin idanu suka gicciye, kuma hasken da ya shiga ido shi ke saita shi kullum. Amma ba shi kaɗai ba ne. Kusan kowace ƙwayar jiki tana da nata ƙaramin agogo. Yadda yake aiki shi ne, waɗansu furotin biyu, CLOCK da BMAL1, sukan tayar da waɗansu ƙwayoyin gado su ƙera furotin PER da CRY. Idan waɗannan suka taru suka yi yawa, sai su koma su tsai da waɗanda suka tayar da su. Sa'an nan su lalace sannu a hankali, aiki ya koma farko. Zagayen yakan ci kusan awa 24. A jikin ɗan ƙaramin ƙuda mai bin 'ya'yan itace aka fara gano bakin zaren a cikin 1971, kuma a 2017 aka ba Hall da Rosbash da Young lambar Nobel saboda warware shi.

Akwai kuma wani zagaye na biyu. Jiki kullum cikin sabunta kansa yake: shimfiɗar cikin hanji takan sauya cikin 'yan kwanaki, ɓargo kuwa yana fitar da jajayen ƙwayoyin jini fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Duk wannan ta hanyar rabuwa ake yinsa. Ƙwaya takan girma, ta kwafe zaren gadonta dukansa, ta tsaya a duba ko an yi kuskure, sa'an nan ta tsage biyu. Idan wuraren dubawan nan suka lalace, ƙwaya ta dinga rabuwa ba mai tsai da ita, wannan ita ce sankara.

Tambayar ita ce, shin zagayen nan biyu kowa harkarsa yake yi, ko kuwa akwai wata igiya tsakaninsu? Amsa mafi gamsarwa ta fito daga Jami'ar Kobe ta ƙasar Japan a cikin 2003. Hanta tana da wata baiwa, idan aka yanke kashi biyu cikin uku nata takan tofo. Masu binciken suka yi wa ɓeraye wannan aiki, rukuni ɗaya da sassafe, ɗaya kuma bayan awa 8. Kwafar zaren gado ta bi lokacin yanka, kowane rukuni ya yi tasa bayan kimanin awa 36. Amma tsagewa biyu ba ta bi ba. Waɗanda aka yi wa aiki daga baya sun tsage bayan awa 40, na farko sai da suka kai 48, watau dukansu a sa'a guda ta yini. Na farkon sun gama shiri, amma suka zauna jira.

Wannan ya yi kama da ƙofofin ganuwa a zamanin da. Ayarin da ya iso bayan an rufe ƙofa, ko da ya riga wani isowa, tare za su shiga da safe idan Sarkin Ƙofa ya buɗe. Agogo ba shi ke tura ƙwaya ta rabu ba, buƙatar jiki ke yin wannan. Shi dai ƙofa yake riƙe da ita. Mai gadin ƙofar wani furotin ne, WEE1, wanda CLOCK da BMAL1 ke tayarwa kai tsaye, kuma muddin yana da yawa ba a tsagewa. Sunan nasa ma abin sha'awa ne ga mai nazarin harshe. Paul Nurse ya gano shi a jikin yis lokacin da yake aiki a Edinbara, kuma a bakin mutanen Sikotilan "wee" na nufin ƙarami, domin yis ɗin da ya rasa shi yakan yi gaggawar rabuwa tun bai girma ba.

Mene ne amfanin wannan jira? Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi shi ne gudun rana. Lokacin da ake kwafar zaren gado a warware yake, kuma akwai wani haske a cikin rana, wanda ido ba ya gani, mai lalata shi. Aziz Sancar, haifaffen Turkiyya da ya sami Nobel a 2015, shi da abokan aikinsa sun nuna a 2011 cewa gyaran irin wannan ɓarna a fatar ɓera yana hawa da sauka bisa ga agogo. Ɓerayen da aka haska wa hasken da ƙarfe 4 na asuba sun kamu da muguwar sankarar fata kimanin ninki biyar fiye da waɗanda aka haska wa da ƙarfe 4 na yamma. Sai dai a tuna ɓera da dare yake yawo, saboda haka ba a ɗaukar sa'o'insa a ɗora wa mutum.

A nan ne maganar ta shafi masu aikin dare: ma'aikatan jinya, 'yan sanda, masu gadi, ma'aikatan filin jirgin sama. Hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo sankara a 2007, ta sake tabbatar da haka a 2019. A lura da lafazin, zato ne mai ƙarfi, ba yanke hukunci ba. Hujjar da aka samu daga dabbobi isasshiya ce, ta mutane kuwa taƙaitacciya. A ganina wannan ya isa ya sa masu tsara jadawalin aiki a ma'aikatu su daina jera wa mutum ɗaya darare masu yawa don kawai ya fi sauƙin rubutawa.

Sai kuma magani. Yawancin magungunan sankara ƙwaya mai rabuwa suke kashewa, ba su bambanta ta ciwo da ta ɓargo ko ta baki ko ta hanji, shi ya sa majinyaci ke galabaita. Idan lafiyayyun ƙwayoyi suna da sa'ar da ba su cika rabuwa ba, me zai hana a ba da maganin a wannan sa'a? Francis Lévi ya gwada haka a Faransa ga masu sankarar babban hanji, da wata na'ura mai ƙara ƙarfin magani ɗaya da ƙarfe 4 na yamma, ɗayan da ƙarfe 4 na asuba. A sakamakon 1997, mummunan gyambon baki ya sauka daga kashi 76 cikin ɗari na majinyata zuwa kashi 14. Amma da aka yi babban gwaji aka fitar da shi a 2006, tsawon ran majinyata a jimlace bai bambanta ba. Da aka raba su, sai aka ga maza sun amfana da wannan tsari, mata kuwa tsohon tsarin ya fi musu. Sa'a guda ba ta dace da kowa ba ke nan, kuma har yau yawancin asibitocin duniya suna ba da maganin ne a lokacin da ɗakin ba da shi yake buɗe.