Kula da Shafin Intanet na Jami'a

Shafin intanet na jami'a shi ne zaurenta, nan baƙo yake fara yin sallama. Ɗalibin da ke nesa da shi yake dogara wajen sanin ranar rajista. In aka bar sanarwar bara a kai, ya yi asarar kuɗin mota, wani lokaci har da gurbin karatu. Galibi abin da ke jawo haka, kowane sashe yana zuba nasa, ba a kuwa ɗora wa kowa alhakin share tsohon.

Masu riƙe da wannan aiki, yawancinsu a bakin aiki suka koye shi, saboda haka taron bita yake da amfani gare su. A 1997 cibiyar UKOLN ta Jami'ar Bath ta tara irin waɗannan ma'aikata na jami'o'in Birtaniya a Landan, taron kuwa ya zama na shekara-shekara.