XAVI: GAJEREN YARON DA YA FARA ƊAUKAR KOFIN DUNIYA A SURULERE

Duk wanda ke zaune a Ikko cikin shekarar 1999, ko a Agege yake, ko Idi-Araba, ko Obalende, in dai mai sha'awar tamaula ne, zai tuna da ranar Asabar 24 ga watan Afrilu. A ranar ce aka yi wasan ƙarshe na gasar cin kofin duniya ta samari 'yan ƙasa da shekara 20 a babban filin wasa na Surulere, inda samarin ƙasar Sifen suka lallasa na Japan da ci 4 da nema. Mai horar da 'yan Japan ɗin ma ba baƙo ba ne, domin Philippe Troussier ne, Bafaranshen nan da ya taɓa riƙe Super Eagles.

A cikin samarin da suka ɗaga kofi a wannan rana akwai wani gajere, tsawonsa bai wuce ƙafa biyar da inci bakwai ba. Ba shi da gudu, ba shi da ƙirar ƙarfi, in an haɗa kafaɗa da shi sai a ture shi. Sunansa Xavier Hernandez, amma duniya ta fi saninsa da Xavi. A lokacin shekarunsa 19.

Kafin su iso Ikko sai da suka zaga ƙasa. Sun fara da doke Birazil da ci 2 da nema, ga kuwa Ronaldinho a cikin 'yan Birazil ɗin. Suka fitar da Amurka a Fatakwal, sa'an nan aka tura su Kaduna, filin wasa na Ahmadu Bello, a tsakiyar zafin bazara. A nan ne suka sha da ƙyar a hannun Gana: aka tashi kunnen doki, ci ɗaya da ɗaya, aka je bugun fenareti, aka yi ta bugawa har sai da wani yaro mai tsaron gida, Iker Casillas, ya tare na ƙarshe. A Kadunan dai suka kara da Mali, wadda ta riga ta kori Nijeriya a Inugu, suka ci ta 3 da 1. Gwarzon gasar kuwa ɗan Mali aka ba, Seydou Keita, wanda bayan shekara tara ya je Barcelona ya zama abokin wasan Xavi a tsakiyar fili. Ikon Allah ke nan.

An haifi Xavi ranar 25 ga Janairu 1980 a garin Terrassa, kusa da birnin Barcelona, a yankin Kataloniya, inda mutane ke da harshensu daban da na sauran Sifen, kuma suna ji da shi ƙwarai. Mahaifinsa ma ya buga ƙwallo a kulob ɗin Sabadell. Yana ɗan shekara 11 aka ɗauke shi makarantar horon yara ta kulob ɗin Barcelona, wadda ake kira La Masia.

Abin da ake koya wa yara a can yana da muhimmanci ga wanda ke son gane wasan mutumin nan. Za a yi da'ira, a sa yaro ɗaya ko biyu a tsakiya, sauran su riƙa miƙa wa juna ƙwallo da taɓawa ɗaya, na tsakiya na ƙoƙarin ƙwacewa. Wanda ya yi sake aka ƙwace a ƙafarsa, shi zai shiga tsakiya. Kullum haka, shekara da shekaru. Yaron da ya tashi cikin wannan dole ya koyi duba hagu da dama tun ƙwallo bai iso gare shi ba. Shi ya sa in mai karatu ya sake kallon tsohon wasan Xavi, ya bar kallon ƙafarsa, ya dubi wuyansa. Ba ya daina waige-waige. Kafin ƙwallo ya zo ya riga ya san inda zai aika da shi, in kuma an rufe shi, sai ya juya a kan ƙwallon kamar mazari ya fita ta inda ba a zata ba.

Cikin watan Agusta 1998 Louis van Gaal ya sa shi a wasan manya da Mallorca, ya kuwa ci ƙwallo a ranar. A watan Disamba, lokacin da kujerar Van Gaal ke rawa saboda yawan shan kashi, Xavi ne ya ci ƙwallo ɗaya tilo a gidan Valladolid. Daga nan Barcelona ta farfaɗo har ta ɗauki kofin ƙasa na wannan kaka.

Amma fa ba daga nan hanya ta miƙe ba. Gurbin da yake bugawa na Pep Guardiola ne, kyaftin, ɗan lelen 'yan kallo. Bayan gasar Nijeriya kulob ɗin AC Milan na Italiya ya zo da kuɗi masu tsoka yana zawarcinsa, kuma bisa labarin da iyalin suka sha bayarwa, uban ya amince, sai uwar ta ce in yaron nan ya tafi, to, a bakin aurenta. Ya zauna. Ko da Guardiola ya tafi a 2001, kulob ɗin ya riga ya shiga halin ni-'yasu, ya yi kaka biyar a jere ba kofi ko ɗaya. A wancan zamani manyan kulob na Turai ƙarti suke nema a tsakiya, masu tsawo da huhu, kuma masu suka suna cewa wannan gajeren ba abin da ya iya sai ba da ƙwallo gefe da baya. A shekarar 2000 ma da ya ci wa Sifen ƙwallon farko a wasan ƙarshe na Olamfik a Sidini, suna gaba da ci 2, sai maƙwabta 'yan Kamaru suka rama, Samuel Eto'o ya ci na biyun, suka tafi da zinariya a bugun fenareti.

Sauƙi ya zo ne da Frank Rijkaard, wanda ya matsar da shi gaba kaɗan, kusa da 'yan gaba, ya sa wani a bayansa yana share masa fage. Suka ci kofin ƙasa a 2005. Ana cikin murna, a watan Disamba na shekarar, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wurin motsa jiki. Ya yi wajen wata biyar yana jiyya, kuma a benci ya kalli wasan da Barcelona ta doke Arsenal a Paris ta ɗauki kofin zakarun Turai na 2006.

Wanda ya fara damƙa masa ragamar wasa ɗungurungum shi ne dattijo Luis Aragones, mai horar da 'yan wasan ƙasa. Sifen ta shekara 44 rabonta da babban kofi, tun 1964. Aragones ya tara gajeru irin Xavi da Iniesta da Silva a tsakiya, ya ce a riƙe ƙwallo, a bar abokin gaba ya yi ta bi har ya gaji. A gasar ƙasashen Turai ta 2008 Xavi ya ci Rasha a wasan kusa da na ƙarshe, kuma shi ya zura wa Torres ƙwallon da ya kashe Jamus. Aka zaɓe shi gwarzon gasar. A wannan shekarar ce Guardiola ya dawo Barcelona a matsayin koci, watau mutumin da inuwarsa ta daɗe tana rufe Xavi shi ne ya zo ya gina kulob a kansa.

Shekaru huɗun da suka biyo baya sai dai a taƙaita. A watan Mayun 2009 sun je gidan Real Madrid sun zuba mata 6 da 2, huɗu daga cikin ƙwallayen daga ƙafar Xavi suka fito. A birnin Rum shi ya ɗaga wa Messi ƙwallon da ya sa da ka a ragar Manchester United. A Afirka ta Kudu a 2010, kwanar da ya bugo ce Puyol ya sa wa kai ya fitar da Jamus, sa'an nan Iniesta ya ci Holan a wasan ƙarshe. Mutum uku cikin waɗanda suka ɗaga kofin duniya a daren nan, Xavi da Casillas da Marchena, suna cikin samarin Surulere. A 2012 suka sake cin kofin Turai, suka yi wa Italiya 4 da nema.

Akwai abin da ya kusa rushe wannan tafiya. A shekarar 2011 gaba tsakanin Barcelona da Real Madrid, wadda Jose Mourinho ke horarwa, ta yi tsanani har 'yan wasan da ke buga wa ƙasa ɗaya suna cacar baki da ture-ture a fili. Gabar kuwa ta wuce ta ƙwallo, domin akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakanin Kataloniya da gwamnatin Madrid. Casillas, kyaftin ɗin Madrid, shi ya ɗauki waya ya kira Xavi don a kashe wutar. Abotarsu ta tun suna yara ce, ta zamanin su Kaduna. A 2012 aka haɗa su aka ba su babbar lambar girmamawa ta Yariman Asturias.

Abu ɗaya da bai samu ba shi ne kyautar gwarzon ɗan wasan duniya. Sau uku a jere, 2009 da 2010 da 2011, yana zuwa na uku, Messi na ɗauka. Ba mai musun gwanintar Messi, amma ta 2010 kam akwai magana, domin a shekarar Xavi ya ci kofin ƙasa, ya ci na duniya. Masu zaɓe sun fi ganin wanda ya jefa ƙwallo a raga a kan wanda ya kawo masa.

Tsufa ya fara nunawa a Birazil. A 2013 Sifen ta ci Nijeriya 3 da nema a gasar zakarun nahiyoyi, amma masu masauki suka yi mata irin wannan cin a wasan ƙarshe. A gasar duniya ta 2014 Holan ta rama da ci 5 da 1, aka ajiye Xavi a benci a wasa na biyu, Chile ta kore su gida. Ya yi murabus daga buga wa ƙasa bayan wasa 133. A 2015 ya bar Barcelona da wasa 767, da kofin ƙasa takwas da na zakarun Turai huɗu, ya koma Al Sadd ta ƙasar Katar, inda ya rataye takalmi a 2019 ya zama kocinsu.

A watan Nuwamba 2021 Barcelona, bashi ya yi mata katutu, Messi kuma ya tafi, ta kira shi ya zo ya horar da ita. Ya ci mata kofin ƙasa a 2023 da yara ƙanana irin su Pedri da Gavi, kuma shi ya fara sa Lamine Yamal a wasan manya yana ɗan shekara 15. A watan Janairun 2024 ya ce zai sauka a ƙarshen kaka, shugabannin kulob suka lallashe shi ya fasa a watan Afrilu, sa'an nan a watan Mayu su da kansu suka sallame shi, suka ɗauko Bajamushe Hansi Flick.