Daga Zariya Zuwa Wayar Hannu: Abin da Ya Raba Zamunan Ƙagaggen Labarin Hausa

Da wuya masu son karatun Hausa su yi zaman hira su tashi ba wanda ya ce rubutu ya lalace. Dattijo zai ambaci Magana Jari Ce, ya ce tun daga nan ba a ƙara ba. Wadda ta tashi da littattafan soyayya na Kano za ta ce labaran waya ba su da kan gado. Ni a ganina, kafin a auna marubutan, akwai tambayoyi biyu da ya kamata a fara yi: wa ya biya kuɗin bugu, kuma wa ake sa ran zai karanta? Amsarsu ita ke bayyana yawancin bambancin da ake gani.

A 1933 makarantun boko sun fara fitar da yara masu iya haɗa baƙi, amma babu abin da za su karanta don nishaɗi. Rupert East, shugaban Hukumar Talifi a Zariya, ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙago labari su rubuta. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wurin malamin wancan lokaci alƙalami na wa'azi ne da fiƙihu da yabon Annabi, galibi a waƙe kuma da ajami, labari kuwa tatsuniya ce ta mata da yara da dare. Daga gasar rubutu da East ya shirya aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East.

Hukuma ce ta nemi waɗannan littattafai, ita ta tace, ita ta buga, sannan ta kai su aji. Shi ya sa suka fito gajeru, Hausarsu a tsefe, ƙa'idar rubutu a daidaice, labarin kuma na tafiye-tafiye da jarunta da dabara, irin wanda zai riƙe hankalin ɗan makaranta. Marubucin ba ya tunanin ciniki, tunaninsa edita. Ba rage wa Imam daraja nake yi ba, domin yana ɗan shekara 22 ya rubuta Ruwan Bagaja, kuma har yau ba a cika samun mai sarrafa harshe kamarsa ba. Sai dai ƙofar shiga ƙanƙanuwa ce. Haka ta zauna a hannun Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, da hukumar NORLA, da kamfanin buga littattafai na NNPC da ya zo a 1966. Sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin mace na farko, wato So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, shi ma ta hanyar gasa.

Abubuwa biyu suka ɓalle wannan ƙofa. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da Hukumar Ilimin Manya da jihar Kano ta kafa a 1980, sun haifar da ɗimbin masu karatu, cikinsu har da matan aure da 'yan mata. Sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka taƙaita ga littattafan makaranta. Ga masu karatu, babu mai buga musu. Sai marubuci ya sa hannu a aljihunsa, ya kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a, ya kwashi littattafan ya kai wa dillalai a kasuwa.

Duk wanda ya fahimci wannan zai gane abin da ya sa littafin Kano yake yadda yake. Ana raba labari kashi biyu ko uku saboda cinikin na ɗaya ne zai biya bugun na biyu, don haka dole na ɗaya ya tsaya a inda ran mai karatu zai tashi. Babu edita, shi ya sa kurakuran rubutu suka yi yawa. Mai sayen kuwa mace ce a cikin gida, wadda za ta karanta ta ara wa maƙwabciya, ko ta karɓo haya a shago, ko ta saurara ana karantawa a rediyo. Saboda haka labari ya bar dokar daji ya shigo tsakar gida: auren dole, kishi, saki, da karatun 'ya mace. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana ƙarama ta kuma yi karatu daga baya, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a kan magidancin da ya wofintar da iyalinsa. Ado Ahmad Gidan Dabino, ɗaya daga cikin jagororin ƙungiyar Raina Kama, ya yi suna da In Da So Da Ƙauna. Waɗannan batutuwa suna nan a gidajen Hausawa tun zamanin Imam, sai dai masu fama da su ba su riƙe alƙalami ba tukuna.

A nan masana suka rabu. Ibrahim Malumfashi ya kira abin Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onica, yana ganin yayi ne mai wucewa, mai ƙarancin inganci. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa adabi ne na zamaninsa, madubin al'umma, kuma ya sa dubban mutane karatu. An daɗe ana wannan muhawara a jaridu. Kowane ɓangare ya riƙe gaskiya guda: ingancin da yawa daga littattafan bai kai ba, amma ba su mutu ba. Sun ciyar da fina-finan Hausa da labarai, sun kuma tsallake matsin da suka sha a Kano a 2007, lokacin da aka ƙona wasunsu da sunan gyaran tarbiyya.

Abin da ya rage musu kasuwa shi ne wayar hannu. Yanzu marubuciya na sakin labari shafi-shafi a zauren WhatsApp ko a Wattpad. Shafukan farko kyauta ne, daga nan sai an tura kuɗi. Kuɗin takarda ya fita daga lissafi, don haka labari na iya miƙewa iya son ransa. Masu karatu kuma suna tofa albarkacin bakinsu a take, har su sa a sauya makomar tauraruwa. Batsar da ake kuka da ita ma daga nan take samun hanya, tunda babu edita, babu dillalin da zai ji kunyar ajiye ta a shagonsa. Amma a wannan zamanin ne kuma gasar Hikayata, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 don mata, ta dawo da alƙalai da tacewa.

Akwai rashin adalci guda da nake gani a yawan kwatancen da ake yi. Ana ɗauko ƴan littattafan da aka zaɓa, aka tace, aka yi shekaru ana koyar da su, a ajiye su gefen duk abin da aka zuba a kasuwa ko a waya, mai kyau da marar kyau. Haka zargin aro: an ce marubutan Kano sun kwaikwayi fina-finan Indiya, kuma da gaskiya a ciki, amma Magana Jari Ce ma cike yake da labaran Larabawa da na Turawa da Imam ya Hausantar. Abin dubawa shi ne yadda aka sarrafa aron.

Damuwata ta fi karkata ga adanawa. Littattafan 1933 suna nan saboda hukuma da makaranta sun riƙe su. Na Kano da yawa sun ɓace, don an buga su a takarda mai saurin lalacewa, ba a kuma sake bugawa ba. Na waya sun fi kowanne rauni: a rufe zaure ko a sauya lamba, labari ya tafi. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu a cikinta, ta rufe a 2023. Sassan Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo su ne suka fi cancanta su fara tattara waɗannan rubuce-rubuce tun marubutan suna da su a wayoyinsu.