Fitilar Jakar Iska: Kada A Rufe Ta Da Salatif

Ƴan'uwa fatake, da yawanmu tsofaffin motocin da ake saukewa a Kwatano muke hawa zuwa kara. A gaban direba akwai wata fitila mai rubutun SRS, ko hoton mutum da ƙwallo gabansa. Ta jakar iska ce, wadda ke kumbura ta tare kai da ƙirji in an yi karo.

In ka murɗa makulli, takan kama kamar daƙiƙa 6 ta mutu. In ta ƙi mutuwa, to jakar na iya ƙin buɗewa ranar da sa ya faɗo maka hanya da dare.

Fara da batir. In ya yi sanyi yakan jawo haka. Sai ka leƙa ƙarƙashin kujera, inda muke cusa igiya da sanda. Akwai mahaɗin waya ruwan ɗorawa, kaya da gargada kan sassauta shi. In kuwa oda ma ta daina kuka, wayar da ke naɗe cikin sitiyari ce ta tsinke. Motar da ta shiga ruwa da damina, akwatin na'urar ne abin zargi.

Kafin a taɓa komai, a cire kan batir, a jira minti 10. Kada a gwada wayoyin nan da fitilar gwaji, jakar na iya tashi a fuska. A nemi makanike mai kwamfuta.

Wajen saye kuma, in fitilar ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an zare ƙwanta ne. A duba ta kamar haƙoran sa.

Allah ya kiyaye hanya.