Ciwon da ake ɗauka a gadon likita: nazari daga Maraɗi

Tsakanin 2007 da 2008 masu bincike sun bi yara 55 da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani a cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF da ke Maraɗi. Ranar shigarsu, 17 na ɗauke a hanjinsu da ƙwayoyin cuta da suka fi ƙarfin magungunan da aka saba ba yara, irin su amoksisilin da seftiriyakzon. Daga cikin waɗanda suka shigo babu su, an sake duba 16 ranar sallama, aka tarar 15 sun ɗauka. An wallafa sakamakon a 2011. Ɗaukar ƙwayar ba lalle ne ya kwantar da yaro nan take ba. Tana zaune a cikinsa, ya koma da ita Jiratawa ko Tibiri, ranar da ta shiga jini ko mafitsara kuma sai a ga magani ya ƙi ci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022, cikin marasa lafiya ɗari da aka kwantar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, 15 kan ɗauki wata cuta a cikin asibitin, ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka kuma yakan rasu. Hanyar da cutar take bi ba ɓoyayya ba ce. Hannun da ya canza wa wannan yaro tsumma shi ne zai gyara wa na kusa allurar ƙarin ruwa. Tun 1847 likita Semmelweis ya nuna a Biyana cewa wanke hannu da ruwan kulorin yana rage mutuwar masu jego, kuma ana koya wa infirmiye da ungozoma lokuta biyar na tsabtace hannu da Hukumar ta tsara. Ilimin yana nan. Abin da ya kamata a bincika shi ne dalilin da yake hawa da sauka kamar ruwan Gulbin Maraɗi.

Yana hawa ne idan annoba ta zo. A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓulla a yankin Madarunfa, inda Jiratawa take, bayan shigowar masu ciwon daga wajen Jibiya, ta kama mutum fiye da 3,000 a Nijar kafin ta lafa. A sansanonin jinyar kwalara babu wanda ke wasa da ruwan jabel: akwai haɗin 0.05 cikin ɗari na hannu, 0.2 na gado da daɓe, 2 cikin ɗari na amai da zawo da gawa. Akwai mai tsaron ƙofa da aikinsa kawai ya ga an wanke hannu an fesa takalmi. Haka aka gani da korona a 2020, lokacin da bokiti mai famfo ya bayyana a ƙofofin gidajen likita, aka sake gani da kwalarar 2021. Dalili a fili yake. Annoba tana zuwa da kuɗin agaji, da ƙarin ma'aikata, da masu sa ido, da tsoro. Idan ta wuce duk huɗun sukan tafi tare, famfon bokitin ya karye, a rasa wanda aikinsa ne ya sayo wani.

Ciwon gadon likita ba ya tayar da irin wannan hankali, domin ba ya kashe mutum ashirin rana guda. Jariri ya yi zazzaɓi kwana uku bayan haihuwa, ɗinkin tiyata ya yi ruwa, sai a ce ciwon ne ya ci gaba.

A ganina cunkoso ne babban sanadi, kuma yana da lokacinsa. Daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sauro ya yi yawa, masassara da tamowa sukan haɗu, ɗakunan yara su cika har a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Shafa ruwan alkol a hannu yana cin daƙiƙa 20 zuwa 30, wanki da sabulu 40 zuwa 60. Ma'aikaciya ɗaya da ke zagaya yara talatin da dare, idan famfo yana can ƙarshen baranda, lissafin ba zai fita ba ko da tana da niyyar duniya. Shi ya sa kwalbar alkol a jikin gado ko cikin aljihun riga ta fi takardar gargaɗi goma a bango. Tsarin jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da Nijar ta kawo a 2006, alheri ne da ya buɗe wa talaka ƙofar likita. Sai dai jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin su da ƙaramin aljihu, kuma idan aka zo zaɓe tsakanin magani da sabulu, sabulu ake yankewa.

Safar hannu ma ta kawo tata matsalar. Tun bayan annobobin nan an ɗauke ta garkuwa, amma wanda ya sa guda ɗaya ya taɓa mutum biyar ya kare kansa ne kawai, cutar kuwa ya raba ta.

Akwai kuma wadda kusan ba a lissafa ta cikin ma'aikata, alhali rabin aikin a hannunta yake, wato mai jinya. A asibitocinmu uwa ko kaka ita ke ba yaro madara, ita ke wanke masa kashi, ita ke kwana da shi. Idan maƙwabciyarta ta fita alwala ta riƙe mata nata yaron, su yi aron kofi da cokali da buta, a zo cin tuwo kowa ya tsoma hannu a kwanon ruwa ɗaya. Wannan zumunci ne, kuma ba na so a kashe shi, domin shi ke riƙe matar da ta baro gida mako biyu babu kowa nata a birni. Abin da take buƙata shi ne a nuna mata da Hausa, ranar da ta shigo, a ba ta nata kofi da guntun sabulu, a sa wurin wanke hannu a bakin makewayi. Mutanen da ke tsarki da alwala sau biyar a rana ba baƙin ruwa ba ne, sabulun ne da lokacin amfani da shi ake ƙara musu.

Sakamakon sakaci yana komawa kan aljihun iyali. Idan maganin farko ya ƙi ci, kwanakin jinya sukan ƙaru, a tura yaro daga cibiyar ƙauye zuwa babban asibitin Maraɗi, a rubuta magani mai tsada da ba kowane kantin magani ke da shi ba. Uban yaro ya sayar da akuya ko buhun gero, gonarsa kuma tana jiran noma a tsakiyar damina. Wasu ganin haka sukan ɗauke majinyacinsu kafin a sallame shi, su koma ga mai tallar ƙwayoyi a kasuwa, su sayi kafso huɗu maimakon na mako guda, kuma irin wannan shan rabi da rabi yana cikin abubuwan da ke ƙara wa ƙwayoyin cutar taurin kai.