Me ya sa Amazon, Microsoft da Google suka koma tsara ƙwaƙwalwar kwamfutocinsu da kansu?

Duk lokacin da mutum ya tura kuɗi ta manhajar banki ko ya kalli bidiyo a waya, mafi yawan aikin ba a cikin wayar ake yin sa ba. Ana yin sa ne a manya-manyan gine-gine da ake kira cibiyoyin adana bayanai, inda aka jera dubban kwamfutoci suna aiki dare da rana. Kamfanonin Amazon da Microsoft da Google na Amurka ne suka fi kowa ƙarfi a wannan harka. Suna bayar da hayar kwamfutocin ga bankuna da hukumomi da 'yan kasuwa, ana biyan su gwargwadon lokacin da aka yi amfani. Ana yi wa wannan kasuwanci laƙabi da "gajimare", ko da yake babu abin da ke sararin sama a cikinsa: gini ne da ƙarfe da wutar lantarki.

A cikin kowace kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, wato ɗan guntun silikon wanda bai kai tafin hannu ba, shi ke yin duk lissafin. Shekaru da dama Intel da AMD ne ke sayar wa cibiyoyin wannan ƙwaƙwalwa, bisa wani tsari da ake kira x86. Akwai lokacin da Intel shi kaɗai ya riƙe fiye da kashi 90 cikin 100 na kasuwar, saboda haka mai saye ba shi da bakin ciniki sosai.

Amazon ne ya fara sauya wannan lissafi a tsakanin manyan uku. A 2015 ya sayi Annapurna Labs, wani ƙaramin kamfanin Isra'ila mai tsara irin waɗannan na'urori, sannan a watan Nuwamban 2018 ya fito da ƙwaƙwalwarsa ta farko mai suna Graviton. Ba ta yi wani tasiri ba. Wadda ta biyo bayanta, Graviton2, da aka sanar a ƙarshen 2019, ita ce ta ja hankali. Tana da sassan lissafi 64, kamar a ce ma'aikata 64 a ofishi ɗaya kowa da aikinsa, kuma kamfanin ya ce ribar aikinta idan aka auna da farashi tana iya zarce ta takwarorinta na x86 da kashi 40 cikin 100. Graviton4 ta 2023 tana da sassa 96. A ƙarshen 2024 Amazon ya bayyana cewa fiye da rabin sabon ƙarfin ƙwaƙwalwa da ya ƙara a cibiyoyinsa cikin shekaru biyu Graviton ne.

Sauran ba su tsaya kallo ba. Alibaba na ƙasar Sin ya gabatar da Yitian 710 a 2021, Microsoft ya sanar da Cobalt 100 a Nuwamban 2023, Google kuma ya biyo baya da Axion a Afrilun 2024.

Dalili na farko kuɗi ne. Kamfanin da ke sayen ƙwaƙwalwa dubbai-dubbai a kowace shekara yana biyan ribar mai sayarwa a kan kowace guda. Idan ya tsara tasa, kuɗin tsarawa mai yawa ne, amma sau ɗaya ake kashe shi, kuma yana narkewa idan aka raba shi a kan na'urori masu ɗimbin yawa. Shi ya sa wannan hanya ta gagari ƙananan kamfanoni.

Na biyu, wanda ya fi damun masu cibiyoyin a yau, shi ne wuta. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cibiyoyin adana bayanai sun cinye kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024. Kowace ƙwaƙwalwa tana shan wuta, tana fitar da zafi, zafin kuma sai an kashe wata wutar kafin a sanyaya shi. A wurare da dama abin da ke hana faɗaɗa cibiya ba fili ba ne, layin wuta ne. Don haka ƙwaƙwalwar da ke yin aiki iri ɗaya da ƙarancin wuta tana nufin ƙarin kwamfutoci a gini ɗaya. Ga kuma wata fa'ida: Intel yana ɗinka riga ce da za ta shiga kowa, shi kuwa mai cibiya ya san awon abokan cinikinsa, sai ya zubar da abin da ba sa buƙata.

Sai dai 'yancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan kamfanoni da ya fara zane daga tushe. Dukkansu sun dogara da Arm, kamfanin da ke birnin Kambirij a Ingila, wanda tsarinsa ne ke cikin kusan kowace wayar zamani. Shekaru da dama Arm bai ƙera komai ba, lasisin zanensa yake sayarwa. Muhimmancinsa ya fito fili lokacin da Nvidia ya nemi sayen sa daga SoftBank na Japan kan dala biliyan 40 a 2020, cinikin da ya wargaje a Fabrairun 2022 bayan hukumomin kula da gasar kasuwanci sun tayar da ƙayar baya. Haka nan ba su da masana'antun ƙira. Aikin yana komawa ne hannun TSMC na Taiwan, tsibirin da ke tsakiyar takun-saƙa tsakanin Amurka da Sin. An rage dogaro da Intel, an ƙara dogaro da wasu biyu.

Ga abokin ciniki kuwa, ba a sayar da Graviton ko Axion ko Cobalt a kasuwa, haya kawai ake bayarwa a cibiyar mai ita. Manhajar da aka gina don x86 sai an sake harhaɗa ta kafin ta yi aiki a kan Arm. Ga sababbin manhajoji wannan ba ya da wuya, amma tsofaffin tsare-tsare irin na wasu bankuna kan buƙaci gwaji mai tsawo. Sauƙin abin shi ne tun da ukun duk Arm ne, wanda ya ƙaura zuwa ɗaya ba zai sha wahalar komawa wani ba. Inda ƙulli ya fi tsauri shi ne na'urorin ƙirƙirarriyar basira, irin su TPU na Google da Trainium na Amazon, domin kowace da kayan aikinta.

Lamarin ya shafi Najeriya ta fuskar aljihu. Kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet da dama a ƙasar suna hayar kwamfutoci ne daga waɗannan cibiyoyi, kuma da dala ake yanka farashin. Tun bayan faɗuwar darajar naira daga Yunin 2023, nauyin wannan haya ya ninka ga mai samun kuɗin shiga da naira, don haka duk wani rangwame abin dubawa ne. Amma manyan cibiyoyin kamfanonin uku na kudu da Sahara suna Afirka ta Kudu ne: Microsoft ya buɗe a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Abin da Amazon ke da shi a Legas tun 2023 ƙaramin reshe ne, wanda ba kowane nau'in kwamfuta ake samu a cikinsa ba.

Tsofaffin 'yan kasuwar ma sun mayar da martani. AMD ya fitar da ƙwaƙwalwa mai sassa 128 a 2023, Intel kuma mai sassa 144 a 2024, dukkansu an tsara su ne musamman don cibiyoyin gajimare, kuma har yanzu kamfanonin uku suna saye daga wurinsu.